Filta ta cinye tsagen mahaifin mai hoto, ya zan dawo da shi?

'Yar Argungu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Don Allah wanda ke kusa ya agaza min. Wani bawan Allah ne ya kawo hoton mahaifinsa marigayi, tsohon hoto baƙi da fari, irin wanda ake sawa a gilashi a rataye a ɗaki. Ruwa ya taɓa gefensa, ga karce farare ko'ina kamar an ja ƙaya a kai. Yana so a gyara a wanke masa babba. Na yi sikanin ɗinsa, na buɗe a Photoshop, na yanke gefen da ruwa ya ci, na ƙara masa haske, sannan na saka filtar nan mai share ƙura da karce. Karce ya ɓace, na ji daɗi. Na zauna sama da awa biyu ina gyaran rawani da babbar riga da bango. Sai yanzu da na zuƙo fuskar na ga filtar ta shafe tsagen da ke kumatun tsohon. Bakabe ne, a hoton asali tsagensa ya fito raɗau, yanzu fuska sumul kamar ta jinjiri. In na koma baya aikin awa biyu ya tafi a banza. Ga ba wuta, batirin laftof saura 38.

Kawu Mai Hoto: Wa alaikumus salam ɗiyata. Kahin komi, kar ki ruhe hoton nan. Kar ki ruhe Photoshop. Ko sallama anka yi maki, ki amsa daga zaune.

Kawu Mai Hoto: Akwai burushi da anka yi musamman don irin wagga matsala, burushin tarihi, mu dai histiri burosh muke ce mai. Harafin Y ne a kan kibod. Buɗe akwatin Histiri, yana cikin menun Windo in ba ki gan shi ba. Za ki ga jerin duk abin da kinka yi, ɗaya bisa ɗaya. Gaban kowane akwai ɗan ƙaramin akwati ta hagu. Nemi matakin da ke gab da filtar, ki danna ɗan akwatinsa, ba sunansa ba. Hoton burushi zai bayyana ciki. Sai ki goga bisa kumatun kawai. Inda burushi ya bi, hoton zai koma yadda yake a wancan lokaci, sauran kuwa rawani da riga suna nan yadda kinka gyara su.

Na Zuru: Ikon Allah. Shekara uku ina amfani da Photoshop, ina ganin burushin nan mai kibiya a lanƙwashe, ban taɓa sanin aikinsa ba. Na ɗauka ma wani irin magogi ne.

'Yar Argungu: Kawu na buɗe, amma ban ga filtar a jerin ba. Daga sama har ƙasa abu ɗaya nake gani, hatimin kulon, hatimin kulon, hatimin kulon, wato abin nan da nake kwafo wuri mai kyau da shi in rufe tabo. Sai ɗan hoton nan guda ɗaya a can sama mai sunan fayil ɗin.

Ɗan Jega: Wane Photoshop kike da shi, ƙanwata?

'Yar Argungu: CS6 ne Yaya.

Ɗan Jega: To shi ke nan, abin da nake tsoro ke nan. CS6 mataki 20 kawai yake riƙewa in ba a canza masa ba. Sababbin CC su ne ke riƙe 50. Kuma abin da mutane ba sa lura da shi, duk danna linzami ɗaya da kika yi da hatimi, mataki ɗaya ne. Kin share ɗigo 20 a jikin riga, kin cika jerin. Na 21 yana shiga ta ƙasa, mafi tsufa yana faɗuwa ta sama. A awa biyu kin danna ɗaruruwa. Filtar nan ta daɗe da fita, ba ta dawowa.

Kawu Mai Hoto: Gaskiyarka. Amma hoton nan na can sama bai hita ba. Wanga shi ne sinafshot na hwarko, wato ajiyar hoton yadda yake a wani lokaci, Photoshop da kanshi yake ɗaukarshi da an buɗe hoto. Ba ya cikin lissahin 20 ɗin. Ɗiyata, danna ɗan akwatin da ke gabanshi, ki goga mu gani.

'Yar Argungu: Ya ƙi Kawu. Linzamin ya zama da'ira mai layi a tsakiya, da na danna sai ya fito da saƙo wai girman kanbas, wato tsawo da faɗin hoton, bai yi daidai da na matakin da na zaɓa ba.

Kawu Mai Hoto: Kash! Na manta kin ce kin yanke gehe. Shi burushin nan makaho ne, wuri da wuri yake bi. Ɗigon da ke kusurwar hagu a da, kusurwar hagu zai maido shi yanzu. In tsawo da hwaɗi sunka canza, bai san inda zai aje komi ba, sai ya noƙe.

Ɗan Jega: Kawu ranka ya daɗe, ka ga dalilin da ya sa kullum nake cewa a bar burushin nan a gidan tarihi na Kanta tare da tsofaffin takubba.

Kawu Mai Hoto: Ka bari mu hidda yarinya daga ruwa tukun, sannan mu yi wagga rigima. Ina nan, ba inda za ni.

Ɗan Jega: To ƙanwata bi ni a hankali. Da farko adana aikinki yanzun nan, ki ba shi sabon suna, ki zaɓi PSD, wato irin fayil ɗin Photoshop, kar ki danne sikanin na asali. Batirinki ya fi komai ba ni tsoro. Na biyu, a ƙasan akwatin Histiri akwai hoton kyamara, danna shi, zai ɗauki sinafshot na inda kike yanzu. Ina sa ki yin haka ne saboda tarko ɗaya: in kika danna sunan wancan hoton na sama don ki leƙa asalin, sannan hannunki ya zame kika taɓa wani abu, duk jerin da ke ƙasa zai goge. Da sinafshot a hannu kina da wurin komawa.

Ɗan Jega: Tambaya: bayan yanke gefen, kin juya hoton ko kin rage girmansa?

'Yar Argungu: A'a, yankewa kawai na yi. Na adana, na ɗauki sinafshot. Saura 31.

Ɗan Jega: Madalla, aiki ya zo da sauƙi. Buɗe sikanin na asali daga inda kika aje shi. Ctrl+A, Ctrl+C, ki dawo kan wanda kike gyarawa, Ctrl+V. Zai hau a matsayin sabuwar leya, wato wata shimfiɗa daban, a saman hotonki. Ya fi kanbas ɗinki girma, kar ki damu, abin da ya yi saura yana ɓoye a waje. Yanzu sai daidaitawa. A akwatin leya, inda aka rubuta Nomal, canza shi zuwa Difarens, mai nuna bambancin hotunan biyu. Hoton zai koma wani iri, za ki ga ido huɗu, hanci biyu. Danna V, ki ja har su kusa haɗuwa, ki ƙarasa da maɓallan kibiya, kowace dannawa ɗigo ɗaya take matsawa in kin zuƙo sosai. In sun hau kan juna daidai, layukan nan masu haske na gefen ido da hanci za su mutu, hoton ya yi duhu. Ba zai yi baƙi ƙirin ba tunda kin canza haske, amma za ki gane. Sai ki mayar da shi Nomal.

Ɗan Jega: Daga nan ki riƙe Alt ki danna alamar mas, wato murfin da ke ɓoye leya ko nuna ta, tana ƙasan akwatin leya, murabba'i mai da'ira a ciki. Baƙin mas zai fito, ya ɓoye leyar gaba ɗaya. Ɗauki burushi na yau da kullum, B, farin launi, mai laushin baki, ki goga a kan tsagen. Fari yana buɗewa, baƙi yana rufewa. In kin wuce gona da iri danna X, launi ya juya, ki rufe abin da kika buɗe.

Mai Firam Birnin Kebbi: Salam jama'a, akwai firam masu kyau sabon shigowa, manya da ƙanana, farashi mai rahusa, mai so ya biyo ni ta gefe.

Mai Kula da Zaure: Alhaji ranar talla Asabar ce, mun sha faɗa. Yarinya na fama da batiri kai kana firam.

'Yar Argungu: Alhamdu lillahi tsage ya fito! Wallahi har gabana ya faɗi da na ga layin farko ya bayyana ƙarƙashin burushi. Amma inda na goga ya fi sauran fuskar duhu, kamar an shafa masa toka.

Kawu Mai Hoto: Dole. Kin ɗauko hwata daga lokacin da ba ki ƙara haske ba. Ko da burushin tarihi kinka yi, hakan za ki gani, wanga ba laihin mas ba ne, in hwaɗi gaskiya ko da ta taimaki Ɗan Jega. Danna hoton leyar ta sama, ba mas ɗin ba, Ctrl+L, ki ja ɗan tsinin tsakiya sannu sannu har tokar ta narke cikin sauran huskar. Idonki ne ma'auni.

'Yar Argungu: Ya haɗu. Na adana. Saura 14, bari in kashe in je in sa caji a shagon maƙwabta. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara girma Kawu, Yaya na gode.

Kawu Mai Hoto: Amin ɗiyata. To Ɗan Jega, zo mu zauna. Mi kake cewa game da gidan tarihi?

Ɗan Jega: Kawu abin da ya faru yau ai ya isa hujja. Burushin ya ƙi aiki a daidai lokacin da ake bukatarsa. An yanke gefe, ya ƙi. A canza tsarin launin hoto daga RGB zuwa CMYK don masu buga kalanda, ya ƙi. Ka buɗe sabuwar leya ka ce ya goga a kai alhali a wancan matakin babu ita, ya ƙi. Kuma babbar illarsa, tarihin nan ba ya shiga cikin fayil. Ka adana PSD, ka rufe, ka buɗe gobe: jerin fayau, sinafshot ɗin da ka ɗauka duk sun tafi. Mas kuwa yana nan ko bayan shekara. Mai hoto ya dawo ya ce a ƙara nan a rage can, ka buɗe ka ci gaba daga inda ka tsaya. A garin da ake ɗauke wuta ba sallama, wa zai jingina aikinsa da abin da ke zaune a ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta kawai?

Kawu Mai Hoto: Duk abin da ka lissaho gaskiya ne, ban musa ko ɗaya ba. Amma kai ka tarad da abin a dahe. Ni na hwara da ɗakin duhu, jan kwan lantarki da tasa uku na magani, in kana son wuri ya yi haske sai ka tare shi da hannu ko da ɗan kwali a bakin waya lokacin da haske ke sauka bisa takarda. In ka kuskure, takarda ta tahi, kuɗinka sun tahi. Da munka koma kwamfuta, tsohon Photoshop komawa baya sau ɗaya tak gare shi. Ka yi kuskure biyu a jere, na hwarkon ya zauna. Sai a Photoshop 5, na shekarar 1998, anka kawo akwatin Histiri da wanga burushi. Mu nan bai iso hannunmu da wuri ba, amma ranar da na gan shi na ga kamar an ba ni hannuna na ɗakin duhu, an ƙara man da damar tuba.

Kawu Mai Hoto: Kuma ban da daɗin tuna baya, akwai aikin da har gobe ya hi sauri da shi. Hoton fasfo. Mutum 30 sun yi layi, masu neman aiki ko maniyyata, kowa na son nashi yanzu. Na ɗan lausasa huska, ido da gira sun dushe, Y, goga biyu, ido ya dawo, na wanke, na gaba. Wa zai dawo bayan shekara ya ce a buɗe mai PSD na fasfo? Leya da mas a nan ɗaukar gatari ne don yanke hwarce.

Ɗan Jega: Ctrl+J daƙiƙa nawa yake ci Kawu? Dannawa ɗaya ka kwafi leya.

Kawu Mai Hoto: Dannawa ɗaya ga wanda ya tuna. Burushin tarihi na wanda ya manta ne. Kai ba ka taɓa mantuwa ba?

Ɗan Jega: Na taɓa, ban ƙi ba.

Malamar Kwamfuta: Ina ta karatu ina dariya. Ni ina koyar da yara, kuma duka biyun nake koya musu, amma da burushin tarihi nake farawa. Dalili, yaro yana saurin gane "goga ka dawo da jiya" fiye da "baƙi yana ɓoyewa, fari yana nunawa". Aikin farko da nake ba su, hoton masunta a Matan Fada ranar bikin kamun kifi, mutum ya rungumo giwan ruwa, ga gora ga koma. Ctrl+Shift+U, launi ya zube duka, sai su ɗauki Y su dawo da launin kifin shi kaɗai. Ranar nan aji ba ya jin yunwa. Sai dai kullum akwai mai wayon da zai je ta menun Mod ya mayar da hoton Gireskel, wato tsarin baƙi da fari zalla, sannan ya ɗaga hannu ya ce Malama nawa ya ƙi. To ya canza wa hoton jinsi gaba ɗaya, ina launi zai sauka? Ctrl+Shift+U yana barin hoton a RGB, launin kawai yake tsotsewa, shi ya sa burushin ke samun wurin zuba shi.

Malamar Kwamfuta: Mako na biyu sai in sa su rufe fayil su sake buɗewa, in ce to a gyara min bakin wutsiyar kifin. Nan ido ke raina fata. Daga ranar ba na sake roƙon kowa ya koyi mas.

Ɗan Jega: Kin ga, Malama tana gefena.

Malamar Kwamfuta: Ban ce ba. Ni dai na faɗi yadda nake yi.

Na Zuru: To ni tambayata, me zai hana a ƙara yawan matakan kawai? In 20 ta yi kaɗan a mayar da ita dubu.

Ɗan Jega: Ana iya wa. Ctrl+K, ka shiga sashen Fafomans, akwai wurin adadin matakan tarihi, yana kaiwa har 1000. Amma kowane mataki wuri yake ci. Ɗan ɗigon hatimi ba ya cin komai sosai, don inda ya canza kawai ake ajiyewa, amma filtar da ta taɓa hoto duka, kusan kwafin hoton ne guda. Yi irinta da yawa a kan babban sikanin, a laftof mai ƙwaƙwalwar ram giga 4, ka ga yadda za ta riƙa nishi, har ta ce maka ma'ajiyar wucin gadi ta cika. Ni nawa a 100 na bar shi. Abin da ya fi ƙara lamba amfani shi ne sabo da kyamarar nan: kafin duk wani babban abu, ɗauki sinafshot, ka ba shi suna. "Bayan yanka." "Kafin filta." Da ƙanwarmu ta ɗauki ɗaya bayan ta yanke gefe, da maganar Kawu ta farko ta gama aikin cikin minti biyu.

Kawu Mai Hoto: A rubuta wanga da babban baƙi, yau Ɗan Jega ya yabi burushina.

Kawu Mai Hoto: Amma ni abin da nake so ɗiyata ta ji in ta dawo, tun hwarko hanyar ce anka biyo ta baya. Ba a zuba filta bisa hoto duka sannan a zo ana ceton abin da ta cinye. Juyawa ake yi. Ga yadda nake tsohon hoto. Na yanke gehe, na daidaita haske, na gama duk wani abu da ka taɓa girma. Sannan in saka filtar ƙura da karce, tana ƙarƙashin Noyis, in ƙara ta har karce mahi muni ya ɓace, ko da huska ta zama kamar tuwo, ban damu ba. In ɗauki sinafshot. In koma baya mataki ɗaya, hoto ya dawo da karcenshi da kaihinshi duka. Sai in sa alamar burushi gaban sinafshot mai filtar. Yanzu burushin ba jiya yake ɗaukowa ba, gyararren yake ɗaukowa, kuma inda na taɓa kawai. In bi karce ɗaya bayan ɗaya da ƙaramin baki.

Kawu Mai Hoto: Ga inda daɗin yake. A sama akwai wurin Mod na burushin. In karcen hwari ne, kamar yadda yawanci yake in takarda ta ƙwarzane, sa shi a Dakin, wato mai duhuntawa. A haka burushin ba ya taɓa komi sai abin da ya hi gyararren haske. Hwarin karce ya hi shi haske, sai ya ruhe shi. Tsage kuwa, in a hoton layi ne mai duhu, ya hi gyararren duhu, sai burushi ya bi ta kanshi ya wuce bai taɓa shi ba. Ko da gangan ka goga bisa kumatu, tsage na nan. In kuma baƙaƙen ɗigo ne, kashin ƙuda ko huhhuna, sai ka juya zuwa Laitin, wato mai haskakawa, amma nan ka yi nesa da tsage da gira da gashin baki, don su ma zai ɗauke su a matsayin datti.

Ɗan Jega: To wannan kam ban taɓa kawo shi a kan tsage ba. Ana iya yin irinsa da leya, ka sa leyar filta a Dakin ka yi mata mas, amma dabarar taka ce Kawu, na karɓa.

Na Zuru: Mu nan wajenmu ma akwai tsofaffi masu zane a fuska, kuma na lura ba kullum yake fitowa da duhu ba. In hasken ya bugo daga gefe, bakin tabon yana ƙyalli, sai ka ga layi mai haske kusa da mai duhu.

Kawu Mai Hoto: Ƙwarai kuwa. Shi ya sa ake zuƙowa a duba kahin a goga. Na'ura ba ta san tsage ba, ba ta san karce ba, layi kawai take gani. Ga ta nan ta ga layi bisa kumatun bawan Allah ta ce datti ne.

Uwar Biki: Ku gafarce ni, ni ba mai gyaran hoto ba ce, kwalliyar amare nake yi, ƙanena ya sa ni a zauren nan. Amma tunda ana maganar abin da ake shafewa, ina da ƙorafi. In zauna awa uku ina zana wa amarya lalle, a ɗauki hoto, a kawo albam, hannu ya zama kamar roba, zanen ya dushe, fuska ta yi fari fat har uwar amarya tana tambaya ko 'yarta ce. Don Allah wannan burushin naku ba zai dawo mana da lallenmu ba?

Ɗan Jega: Hajiya zai dawo da shi, in mai gyaran ya so. Amma kar a ɗora mana duka. Sau nawa amarya da kanta take cewa a ƙara mata haske? In ka ba ta kalarta ta gaskiya ta ce ba ka iya aiki ba, ta tafi wurin wani.

Uwar Biki: Haske daban, shafe mutum daban.

Kawu Mai Hoto: Hajiya ta hi ka gaskiya. Ni abin da nake yi, in na lausasa hwata, sai in rage ƙarhin burushin, danna 3 ya koma kashi 30, in bi goshi da kumatu sau ɗaya, ƙananan ramukan hwata su ɗan dawo, mutum ya koma mutum. Lalle da ido da gira da zoben hannu kuwa 0 nake dannawa, ƙarhi 100, su dawo duka. Amarya ta samu haskenta, uwa ta gane ɗiyarta.

Mai Kula da Zaure: Maganar farin amare mun yi ta a watan jiya har mutum biyu suka fita daga zaure. A tsaya a kan burushi don Allah.

Autan Zaure: Manya barkanku. Mu da ba mu da laftof fa? Da waya nake yi.

Malamar Kwamfuta: Auta, in kana da Snapseed akwai kusan irinsa, kuma kyauta ne. Bayan ka yi gyara, taɓa alamar nan ta sama mai kama da takardu a jere da kibiya, ka shiga inda ake duba gyare-gyaren da ka yi. Za ka ga kowanne a jere. Taɓa wanda kake so, ka zaɓi alamar burushi, sai ka shafa da yatsa inda kake so gyaran ya zauna, ka rage shi zuwa 0 a inda ba ka so. A gaskiya ya fi kusa da mas ɗin Ɗan Jega, amma biyan bukatar ɗaya ce.

Ɗan Jega: Kuma tunda an zo nan, a sauran manhajojin gyaran hoto, Affinity Photo yana da nasa burushin komawa baya, har da zaɓin adana tarihi tare da fayil. Lightroom Classic ma yana riƙe tarihin kowane hoto ko ka rufe, don shi ba ya taɓa asalin hoton, umarni kawai yake rubutawa. Mai GIMP kuwa ya kwafi leya ya yi mas, ita ce hanyarsa.

Kawu Mai Hoto: Ni dai shekaruna sun wuce koyon sabon gida. Inda Y take nan yatsana ya sani.

'Yar Argungu: Assalamu alaikum, na dawo, na karanta duka tun daga sama. Kawu dabarar Dakin ɗin nan na gwada ta a wani tsohon hoton kakata, wallahi kamar sihiri. Ga labarin mai hoto. Ya zo ɗazu bayan la'asar, na nuna masa a laftof kafin in kai wanki. Ya daɗe yana kallo bai ce komai ba. Sai ya ce in zuƙo kumatun dama. Ya sa yatsa a gilashin yana ƙirgawa. Ya ce saura ɗaya. Wai na ƙasa, wanda ya fi kusa da baki, babu shi.

'Yar Argungu: Na buɗe sikanin na asali muka duba tare. A daidai wurin wani babban karce ya bi, ya kwashe takardar har farin ƙasa. Layin babu shi ko a asalin, sai ɗan guntun somawarsa kusa da kunne. Ni ban ma san akwai shi ba.

Ɗan Jega: To wannan ba burushin da zai dawo da shi, ba mas ba, ba tarihi ba. Abin da sikana ba ta gani ba, ba ya cikin kwamfuta. Amma aiki ne mai sauƙi: sabuwar leya, ki kwafi layin da ke samansa da hatimi, ki sauko da shi, ki ɗan lanƙwasa ya bi guntun da ya rage. Ba wanda zai gane.

Kawu Mai Hoto: Ɗanshi zai gane. Mutumin da ya ƙirga da yatsa? Wanzami bai ja layi biyu iri ɗaya ba, kuma huska ta girma da su shekara da shekaru. In kinka ƙirƙira, kin sa ma tsoho tsagen da ba nashi ba, a rataye a ɗaki jikoki su taso suna kallo. Ɗiyata tambaye shi ko akwai wani hoton, ko ƙarami ne, ko na katin shaida, ki ga yadda layin ya tahi.

Ɗan Jega: In babu fa Kawu? A bar kumatu da rami?

Kawu Mai Hoto: In babu, a zaunar da shi gaban laftof, a ja layin yana kallo, shi ya ce nan ne ko ba nan ba. Kuma a leya daban, na yarda, don in ya canza magana a iya gogewa.

'Yar Argungu: Na kira shi. Ya ce akwai wani na fasfo a wurin ƙanwarsa da ke aure a Kamba, amma ta gefen hagu ya ɗan juya, bai tabbata ko dama ta fito ba. Zai sa a ɗauko shi da waya a turo, in bai fito ba a ba direba ya kawo ranar Juma'a. Na ce masa wankin zai jira. Yaya, in an turo ta WhatsApp hoton ba zai lalace ba?

Ɗan Jega: Zai matse shi. Ki ce su turo shi a matsayin dokumen, kuma su ɗauka a inuwa, kar su kunna filashi.